Tarwaɗa a Ƙasan Teku

Laraba, 9 ga Yuli, 5:30 na yamma

Kwana uku a kan ruwa, sai yau na iya riƙe biro ban nemi bokiti ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin teku, har yau cikina bai yarda ba. Jikar masuntan Yauri guda tana amai kamar mai sabon ciki. Tir.

Mun bar Southampton ran Litinin. Mako biyar za mu yi a yammacin Scotland, zango ashirin da biyu. A kowane zango jirgi zai tsaya, a zura kwalabe da igiyar ƙarfe har mita dubu biyu, a ɗebo ruwa, in tace shi, in karanta DNA ɗin da kifaye suka bari a ciki, ɓurɓushin fata da majina da kashi. Da shi zan san wane kifi ke zaune can ƙasa ba tare da na kama ko ɗaya ba. Kwantiragina a uni, jami'ar da nake aiki, zai ƙare a Disamba, kuma an gaya mini da murmushin nan nasu: in na dawo da sakamako mai kyau a sabunta, in babu, a rubuta mini wasiƙar yabo in kama gabana.

Inna ba ta ce mini Allah ya kiyaye hanya ba.

Na rubuta ne don in daina juya shi a raina. Ta taso daga gidan Yaya Uba a Birmingham ta zo gidana a Longsight don ta zauna da 'yata Ihsan, na gode. Amma tun da ta ajiye jaka take maimaita magana ɗaya: wace irin uwa ce za ta bar 'yar shekara takwas ta tafi wanke ruwa? Wanke ruwa! Sunan da ta raɗa wa aikina ke nan. Safiyar da zan tafi na mayar mata da magana a bakin ƙofa. Ba zan rubuta abin da na ce ba. Ta juya ta shige kicin. Matar da ko kasuwar Gorton zan je sai ta cusa mini dabino a jaka, ita ce ta bar ni na tafi teku ba guzuri, ko ƙullin yaji babu.

Juma'a, 11 ga Yuli, 1:15 na rana

Yau na shiga ɗakin gwaji da ƙafata. Zango huɗun farko Ethan ne ya tace mini ina kwance. Shi ne mai kula da kayan aiki, ɗan Birmingham, shekara hamsin da bakwai, talatin daga ciki a kan ruwa. Fito yake yi daga safe har yamma, waƙa ɗaya tak, kuma ba ya kirana sai da "Doc". Ya ce ya bi komai yadda na rubuta. Na ce na gode, na tura nasa can ƙasan firiza. Abin da ban gani da idona ba, ba na sa sunana a kai.

Na buɗe kwalin safar hannuna a ɗakin sanyi. Irin wadda kowa ke sawa ƙuraje take fito mini da su, shi ya sa nake yin odar tawa daban. Wannan karon ta makara, sai gida aka kai mini, kwalin ya kwana biyu a bayan ƙofa Inna tana tuntuɓe da shi tana tsaki. Fakiti ashirin ne, za su ishe ni.

Alƙibla a nan sai haƙuri. In na tayar da kabbara tana gabana, kafin in yi sallama kaftin ya mayar da ita bayan kunnena.

Asabar, 12 ga Yuli, 11:00 na safe

Na kira gida. Ihsan ta ce da Turancinta na Manchester wai Inna na salla. Duk lokacin da wayata ta shiga, Inna ta zama mai walaha.

Alhamis, 17 ga Yuli, 4:50 na yamma

Innalillahi. Tarwaɗa.

Sakamakon zango na biyar zuwa na tara ya fito, kuma a kowanne akwai tarwaɗa. Tarwaɗar Afirka, ta kogi, mai gashin baki, irin wadda Inna ta zo da bandarta daga Yauri ta ɓoye a gwangwanin biskit, bakwai suka rage, ko Yaya Uba bai isa ya taɓa ba. Wai ita ce a mita dubu biyu ƙarƙashin ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara, inda ko awa ɗaya ba za ta yi da rai ba. Har a ruwan shaida ta fito. Ruwan shaida shi ne tsarkakakken ruwan da muke tacewa tare da na teku don ya nuna hannunmu a tsabtace yake. In aka ga kifi a cikinsa, to ba daga teku ya zo ba, daga cikin ɗakin ne, kuma duk sakamakon ya zama shara.

A taron ƙarfe uku na faɗa. Farfesa Alfred, shugaban tafiyar, ya cire tabarau ya ce, "Ramlat, ashe kifin garinku ya biyo ki." Aka kwashe da dariya. Mutum ashirin da shida a jirgin nan, ni kaɗai ce baƙa, ni kaɗai ce mai ɗankwali, ga kifin Afirka ya ɓulla, to wa za a kalla? Na tsura masa ido har dariyar ta mutu. Ya ce wasa yake. Na ce na sani.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Juma'a, 18 ga Yuli, 8:20 na safe

Na gano. Ethan da bakinsa ya taɓa ba mu labari a tebur cewa ya yi shekara biyu a wata gonar kifi, suna kiwon tarwaɗa a tankuna. Kayan awonsa suna nan a ɗakina, tsofaffi, yana ji da su kamar 'ya'yansa. Na tare shi.

Ya ce, "Doc, shekara tara ke nan da barina can. An wanke su ya fi sau ɗari."

Na ce DNA ba ta san shekara tara ba.

Ya ce to a goge komai da auduga a gwada, ɗaya bayan ɗaya, aikin yini ɗaya ne: tebur, famfo, kayansa, rigata, safar hannuna.

Na ce, "Safar hannuna? Sabuwa fil daga kamfani? Ka ce a zo a shinshina ni mana, kowa ya huta."

Ya yi ja har kunne. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ai kullum ba haka suke nufi ba.

Na kwashe kayansa na jibge a waje. Daga yau ba mai taɓa ruwana sai ni.

Lahadi, 20 ga Yuli, 6:00 na yamma

Bilic, ruwan kashe ƙwayoyi. Tebur, bango, famfo, hannun ƙofa, har rufi na hau kujera na goge. Ga mura ta kama ni, hancina ya toshe, bilic ɗin ma ba na jin warinsa. Safa nake canzawa duk bayan minti goma, fakiti guda nake ƙararwa a yini.

An yi ta ihu a waje wai ga manyan kifaye suna tsalle a gefen jirgi, kowa ya fita da waya. Ban fita ba. Na gaji da kifi.

Talata, 22 ga Yuli, 12:40 na rana

An yi hutun makaranta, Yaya Uba ya zo ya kwashi Inna da Ihsan zuwa Birmingham. Na kira shi.

Ya ce, "Ramlat, tsohuwar nan fa ba ta cin abincin kirki. Kullum sai ta tambaye ni ko kin kira."

Na ce in tana son jin muryata ga waya nan.

"Haba, ke ce ƙarama. Just say sorry, a wuce wurin."

Na ce masa lokacin da ya tafi kwas Kanada wata uku ya bar yara uku, Inna har waina ta soya masa ta hanya, tana gaya wa kowa a masallaci ɗanta likita ya tafi ƙaro ilimi. Ni mako biyar, na zama mai wanke ruwa. Ya ce layin yana yankewa. Layin lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 23 ga Yuli, 10:00 na safe

Iska. Ba aiki. Kofin shayina ya zame ya fashe, na tsaya a kansa ina zaginsa da Hausa.

Juma'a, 25 ga Yuli, 3:30 na yamma

Ta ƙaru.

Zango na goma zuwa na sha huɗu, ni kaɗai na taɓa su, ni na wanke, ni na tace, ni na rufe, kuma tarwaɗar ta ninka uku. Yaya za a yi haka? Yaya? Na karanta lambobin sau huɗu ko idona ne.

Hanya ɗaya ce ta rage. Wani yana shiga ɗakin in na fita cin abinci ko salla. Kuma mutum ɗaya ne a jirgin nan yake da makullin kowane ɗaki, mutumin da na kunyata a gaban kayansa ran Juma'ar da ta wuce. Na zauna na rubuta takardar ƙorafi, shafi biyu, da kwanan wata da komai.

Asabar, 26 ga Yuli, 9:15 na safe

Na kai wa Farfesa Alfred. Ya karanta a tsaye.

Ya ce, "Kin san abin da takardar nan za ta yi masa? Saura shekara uku ya yi ritaya. In ta isa ofis ba za a ƙara ɗaukarsa a jirgi ba."

Na ce ni saura wata biyar.

Ya karɓe makullan daga hannun Ethan, ya mayar da shi waje kan injin zura igiya, cikin iska da feshin ruwa. Amma ya ce ba zai aika takardar ba sai Laraba. Kafin nan zai ɗauko zango huɗun nan na farko da Ethan ya tace, ya karanta su da hannunsa a wani ɗaki daban. Na ce ya karanta mana. Zai ga abin da zai gani.

Lahadi, 27 ga Yuli, 4:00 na yamma

An daina fito a jirgin nan.

Shayin ƙarfe huɗu da Ethan ke ajiye mini dai yana nan a bakin ƙofata kamar kullum, a sabon kofi. Wato in ji kunya ke nan. Ban sha ba.

Rabi na sha.

Litinin, 28 ga Yuli, 7:50 na safe

Haƙorin Ihsan na gaba ya fita. A hoto na gani. A gefen hoton ga hannun Inna riƙe da haɓarta.

Laraba, 30 ga Yuli, 2:10 na rana

Farfesa Alfred ya kira ni ofishinsa ya juyo mini da kwamfuta. Zango huɗun Ethan tsaf suke. Ko ƙyallin tarwaɗa babu. Ruwan shaidarsa fari tas. Kifayen ƙasan teku iri arba'in da ɗaya a jere, abin da na yi shekara uku ina mafarkin gani.

Ya ce, "Abin da Ethan ya taɓa lafiya lau yake. Abin da ke kika taɓa..." Bai ƙarasa ba.

Laraba, 30 ga Yuli, 3:40 na yamma

Na tafi ɗakin sanyi. Fakiti huɗu suka rage a kwalin safar. Na ɗaga su.

Zane ne. Yankin tsohon zanen Inna, shuɗi mai ganye, an ɗaure shi da ƙullin nan nata mai kunne biyu da ba mai iya kwancewa sai da haƙori. A ciki jarida, a cikin jarida leda uku. Ƙayar tarwaɗa ta huda ledojin duka, kuma mako uku jirgi yana jijjiga ta, garin kifi ya bi kwali ya shiga ta bakin kowane fakiti. Ƙasan kwalin ja wur da gari. Ashe duk safar da na zura don in tsare ruwana, kifi nake shafa masa. Da na ƙara canza safa, sai na ƙara zubawa.

Ta yanke salatif ɗin kamfani, ta kwashe fakiti ashirin, ta shimfiɗa ƙullinta, ta mayar da su a jere, ta sake mannewa yadda ko ni ban lura ba. Matar da gwiwa ke hana ta ruku'u.

Na ƙirga. Bakwai. Duk abin da ke cikin gwangwanin. Da ƙullin yaji a gefe.

Na zauna a ƙasa cikin sanyin nan ban san iya lokacin ba. Wayyo Inna. Me ya hana ki miƙo mini a hannu? Me ya hana ki buɗe baki ki ce ga shi? Wallahi da kina gabana da na yi ihun da za a ji a Stockport Road. Zango goma sha huɗu sun zama shara, Inna. Shekara uku ina rubuta takardun neman gurbi a jirgin nan. Mako uku ina cewa kin bar ni na tafi ba guzuri, ashe da guzurin nake aiki kullum.

Alhamis, 31 ga Yuli, 5:20 na yamma

Da safe na karɓo takardata daga Farfesa Alfred na yaga a gabansa. A taron ƙarfe uku na miƙe na faɗi komai, na ajiye ƙullin a tebur. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Mutumin nan ya ce kifin garinmu ya biyo ni, na yi mako biyu ina ƙullace da shi, ashe gaskiya ya faɗa.

Ethan bai zo taron ba, yana kan inji. Na same shi a waje, fuskarsa duk gishiri. Na ce na zalunce shi, na yi masa ƙazafi, ya yafe mini.

Bai ɗago daga injin ba. Ya ce, "Ran Asabar na kira matata na ce mata ƙila na gama da teku. Ta yi kuka."



Ya ce, "Mahaifiyarki ba ta san DNA ba, Doc. Ke kin sani. Yini ɗaya na roƙe ki."

Nan ne ya same ni. Da na bari an goge safar ran sha takwas ga wata, zango biyar kawai za a rasa. Biyar na Inna ne. Tara nawa ne. Na ƙirga ta gaba, na ƙirga ta baya, tara ɗin suna nan.

Zan juya ya zaro fakiti daga aljihun rigarsa ya miƙo mini, safarsa ce, manya, irin mai sa ni ƙuraje. Ya ce saura zango huɗu, ƙarfe bakwai gobe kwalabe za su hau. Bai ce ya yafe ba.

Talata, 5 ga Agusta, 6:30 na yamma

Zangon ƙarshe ya hau. Ni da Ethan muka tace, ba mai magana sai "miƙo" da "karɓi". Hannayena sun kumbura sun yi ruɗu-ruɗu har wuyan hannu. Ruwan shaida fari tas.

Takwas cikin ashirin da biyu. Farfesa Alfred ya ce zai rubuta wa uni ya yi bayani, amma kar in sa rai, takwas ba za su ɗauki abin da aka yi alkawari ba. Na ce na sani. Shi ke nan, Disamba.

Gobe zan kira Birmingham. Na shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi a banɗaki sau uku. Sai ta san abin da ta yi.

Laraba, 6 ga Agusta, 2:00 na rana

Na ce wa Yaya Uba ya gaya mata na ga saƙo. Kafin ya rufe baki na ji muryarta. Yau babu walaha.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya ruwa?"

"Alhamdulillahi. Na ga saƙo."

Ta ce, "Sai yanzu?"

"Sai yanzu."

"Bai yi fumfuna ba dai?"

"Bai yi ba."

Maganar da na shirya tana nan a bakina. Na ce bari in fara da tambaya. Na ce, "Inna, me ya sa a kwalin? Ga akwatina a buɗe a kan gado."

Ta ce, "Akwatinki? Ai ke kina iya zuwa ki dawo rabinsa ba ki taɓa ba, na san ki. Shi wannan na aiki ne. Na san ko me za ki manta, shi ba za ki manta da shi ba."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da da gatse ne, da na san amsar da zan ba ta.

Ta ce, "Aikin dai ya yi kyau?"

Na kalli hannuna. Na ce, "Ya yi, Inna."

"To madalla. Allah ya dawo mana da ke lafiya."

Na ce, "Inna, maganar nan ta bakin ƙofa..."

Ta ce, "Ki jiƙa shi da ruwan zafi tukuna, kar ki karya haƙori. Ga 'yarki."

Alhamis, 7 ga Agusta, 1:30 na rana

Ban gaya mata ba. Yaya Uba kaɗai na gaya wa, na kuma rantse masa in ya buɗe baki ba ni ba shi. In Disamba ta zo aka sallame ni, zan ce aikin ne ya ƙare, ta ce ai da ma.

Na roƙi mai dafa abinci ruwan zafi da faranti biyu. Ɗaya na ajiye wa Ethan a kan injinsa, da yaji kaɗan a gefe. Ban tsaya ganin ko zai ci ba.

Nawa na kai can bayan jirgi, nesa da ɗakin gwaji, na ci a tsaye ina tsinar ƙaya ina kuka, tsuntsaye suna kallona. Wallahi tun da nake ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.